Waken Gidan Alhaji Muntaka

Talata, 4 ga Safar, ƙarfe huɗu na yamma

Da safen nan na ga Dawuda ya buɗe tukunya ya zuba kanwa tafi biyu, ya mai da murfi, ya goge hannu a bayan wandonsa. Ba kanwar miya ba ce, irin wadda ake ba raƙuma ce, mai ƙasa-ƙasa. Yaya Baiwa ta ba da baya tana dakan yaji. Agogo yana hannuna, saura minti ashirin.

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban manta ba.

Dawuda wakilin wani kantin Nasara ne na Damagaram. Wata biyu ke nan da ya zo da tukwanen ƙarfe a bayan raƙuma. Ba a kasuwa yake sayarwa ba. Gida ake samu, a tara matan unguwa, a dafa wake a gabansu su sa hannu su ma, su ci, sa'an nan su saya. Alhaji Muntaka, wanda ya riƙe mu ni da Yaya tun rasuwar babanmu, shi za a bar wa cinikin tukwanen duk Matameye in abin ya karɓu. Yaya ce mai dahuwa, don duk garin nan an san ɗanwakenta na bakin kasuwa. Ni aikina riƙon agogo mai ƙararrawa. Kwana uku Dawuda ya yi yana koya mini karanta shi.

Sa'a guda Nasara ya yanka wa kowane gida. Dawuda ya raba ta a takarda: minti goma gaisuwa, biyar wankin wake, arba'in dahuwa, biyar ɗanɗano. Wanda ya yi rabon nan bai taɓa jin gaisuwar matan Matameye ba.

Yau a gidan Alhaji aka yi, a filin da ke tsakanin zaure da shigifa. Mata sun fi ashirin, maza suna daga ƙofar zaure. Ƙarfe tara na murɗa agogo, Dawuda ya ɗaga murya ya ce kafin abin nan ya yi kuka wake ya nuna. Aka shiga gaisuwa. An kusa gamawa sai ga aminiyar Hajiya Batulu, matar Alhaji, ta shigo, aka koma farko. Kowace tsohuwa sai ta ɗaga tukunyar, ta ƙwanƙwasa ta da zobe, ta shinshina.

Wata ta ce mini, "Ɗan nan, in ta faɗi ba ta fashewa?"

Na ce, "Ba ta fashewa, Inna."

Ta ce, "To ran da na so sabuwa me zan ce wa mai gidan?"

Aka yi dariya. Minti ashirin da biyar sun tafi ba a ɗora ba.

Sai Hajiya ta ce waken rumbunta za a dafa, kar a fita a ce an jiƙa shi tun jiya. Ta san zancen, don a Kurni da Icirnawa haka muka yi. Yaya ta ɗebi waken ta ciza.

Ta ce, "Na bara ne, Malam Dawuda. Ba zai nuna ba. Ka ce wa Auta ya mai da abin nan baya kaɗan."

Dawuda ya ce, "Ba a mai da agogon Nasara baya."

Ta ce, "To sai ka tura waken gaba."

Matan suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Nasaran kantin yana zaune a bariki yana jiran ya ji tukunya nawa aka ɗauka.

Ni ne mai faɗin lokaci, na faɗa. Saura talatin. Saura ashirin da biyar. Yaya ta ciro ƙwaya ɗaya ta matsa, kamar tsakuwa. Dawuda ya ce matan su je gindin bishiyar bedi su zaɓi tukwane, ya ce Yaya ta daka yaji. Ya matsa ƙofar zaure ya yi magana ƙasa-ƙasa. Aka kawo masa kanwar a ƙoƙo.

Da agogo ya yi kuka aka buɗe, wake ya narke ya yi jajir. Yaya ta sunkuya ta ji warinsa, ta ɗago ta dube ni, sa'an nan ta kwarara mai da yaji fiye da yadda ta saba. Maryama, matar Rabi'u ɗan Alhaji, tun da aka dawo daga gindin bedi take tsaye kusa da murhu da cikinta wata bakwai. Tsohuwar nan mai barkwanci ta ce a fara zuba mata, ba a barin mai ciki tana kallon abinci. Hajiya ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta rufe. Yaya ta miƙa wa Maryama akushi. Ta cinye ta ce a ƙara.

Sauran da yatsa suka taɓa. Wata ta ce akwai ɗaci-ɗaci. Dawuda ya ce sabuwar tukunya ce, haka take yi ranar farko.

Tukunya goma sha ɗaya aka ɗauka.

Laraba, 5 ga Safar, ƙarfe bakwai na safe

Mata uku a unguwa cikinsu ya ɓaci, suna ta yi wa juna tsiya ta kan katanga. A gidan Alhaji ba a dariya. An aika kiran ungozoma tun asuba.

Alhamis, 6 ga Safar, ƙarfe goma sha ɗaya

Rabi'u da liman da mutum biyu sun fita bayan gari da abu a ƙaramar tabarma. Namiji ne, in ji masu wanka. Na bi su daga nesa, ban ƙarasa ba.

Alhamis, ƙarfe biyar

Dawuda ya ɗaura kaya zai koma Damagaram. Ya kira ni bayan raƙuma ya ce in riƙe agogon, in dinga murɗa shi kowace safiya har ya dawo. Ya dafa kafaɗata.

"Kai ranar nan agogo kake kallo, ko ba haka ba? Aikinka ke nan. Mai kallon agogo ba ya ganin komai."

Na ce to. Abin da na ce ke nan, to.

Juma'a, 7 ga Safar, ƙarfe biyu da rabi

Na je wurin Yaya bayan masallaci, na same ta tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba.

"Auta, me aka sa mini a tukunya?"

Na ce kanwa.

"Hancina bai mutu ba. Wace iri, kuma wa?"

Na gaya mata. Ta ajiye rariya.

Ta ce, "Da na zubar da shi. Na ji warin, na ce in na zubar na kunyata Alhaji a gidansa gaban mata ashirin. Sai na rufe da mai." Can ta ce, "Akwai wanda ya gani ban da kai?"

Na ce akwai manya a wurin.

Ta ce, "To yi shiru. Mu da aka riƙa a gidan, ba mu za mu fara ba. Alhaji ba zai bari ba."

Ni ma haka na ɗauka.

Lahadi, 9 ga Safar, ƙarfe takwas na safe

Zazzaɓi ya rufe Maryama, ba ta gane mutane. Wadda ke kai ruwa gidan ta ce jiya da la'asar tana ta sambatu, tana cewa, "Baiwa, ya isa. Baiwa, ya isa haka."

Ai ita ta miƙa mata akushin. Sunan wa za ta kira?

Amma na san yadda ake jin irin wannan magana a garin nan, in marar lafiya ya kama sunan mutum.

Litinin, 10 ga Safar, ƙarfe goma sha biyu

Yaya ta kai ɗanwake bakin kasuwa kamar kullum. Masu awon gyaɗa da suka shekara biyar suna ci a wurinta suka wuce kamar ba su san rumfar ba. Wani Buzu baƙo ne kaɗai ya saya. Yana cikin ci wani ya raɗa masa magana, ya ajiye ƙoƙon ya tofar.

Ta ba awaki sauran.

Talata, 11 ga Safar, ƙarfe tara

Sati guda daidai. Alhaji bai yi magana ba.

Laraba, 12 ga Safar, ƙarfe huɗu da rabi

A bakin rijiya aka fito da kalmar fili. Yaya ta zo ɗibar ruwa, mata suka ja 'ya'yansu bayan zane. Tsohuwar nan da ta tambaye ni ko tukunya tana fashewa, ita ce ta ce, "Ku matsa wa mayya ta ɗiba." Sau ɗaya zan rubuta ta, ba zan sake ba.

Sun ce mijinta ya mutu ba ciwon kirki. Sun ce 'ya'yanta biyu ba wanda ya kai yaye. Sun ce tun ranar nan an ga yadda take kallon cikin Maryama. Matan da suka sha dariyarta ranar Talata duk sun tuna da kallon yanzu. Ba wadda ta tuna da ɗacin da ta ji a harshenta.

Kuma sun ce a nono ake sha. Nono ɗaya muka sha ni da ita. Da azahar na shiga sahu, na dama da ni ya ja ƙafarsa kar ta taɓa tawa.

Alhamis, 13 ga Safar, ƙarfe bakwai da kwata

Na jira Alhaji ya gama lazimi, na durƙusa.

Na ce, "Alhaji, maganar Yaya ce."

Ya ce, "Na ji, ɗana. Maganar mata ce, kwana biyu za ta mutu."

Na ce, "Alhaji, ba ta sayar da komai ba tun Litinin. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa."

Ya ja carbi.

"Wace kalma? In ce waken da aka dafa a tukunyar Nasara, a gidana, shi ya yi? Ka san inda za ta tsaya? Bariki. Kwamanda zai ce mun ɓata hajar ɗan'uwansa. Waɗanda suka saya su dawo da tukwane. Kuma wa ya sani ko shi ne? Kai lokotoro ne, mai duba marasa lafiya? Allah ne mai bayarwa, shi ne mai karɓa."

Na ce haka ne.

"Kai mai haƙuri ne, Isufu, tun kana ƙarami. Ka ƙara."

Ya sa aka kai wa Yaya buhun gero.

Juma'a, 14 ga Safar, ƙarfe shida na safe

Buhun yana ƙofarta inda aka jingine shi. Kaji sun huda gindinsa.

Asabar, 15 ga Safar, ƙarfe biyar na yamma

Rabi'u ya zo ƙofar Yaya da sanda, mutane na biye da shi. Tare muka tashi da Rabi'u, tabarma ɗaya, akushi ɗaya. Ya rame, rigarsa a birkice.

Yana cewa, "Ki sakar mini mata. Kin ci ɗaya, ki bar mini ɗaya."

Na fito na tsaya a ƙofar. Na ce, "Rabi'u, dube ni."

Ya dubi katanga, ya dubi mutane, ya dubi sandar hannunsa. Ya ƙara ɗaga murya. Duk garin nan ba wanda ya kai shi ɗaga murya a kan maganar nan. Na ce masa ya dube ni har sau uku. Daga baya wani ya janye shi.

Yaya tana ciki. Na shiga na tarar tana wanke tukwanenta na ƙasa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ba a dafa komai a ciki ba kwana biyar.

Lahadi, 16 ga Safar, ƙarfe tara

Alhaji bai yi magana ba.

Litinin, 17 ga Safar, ƙarfe tara

Ina murɗa agogon nan kowace safiya kamar yadda aka ce. Ban san don me ba. Ba wanda ya tambaye ni lokaci.

Na yi ta lissafin ranar nan. Da aminiyar Hajiya ba ta makara ba, minti goma. Da tsofaffi ba su tsaya ƙwanƙwasa ba, minti bakwai. Da na ce saura talatin alhali saura ashirin, wa zai gane? Duk filin ni da Dawuda ne kaɗai muka iya karanta shi, shi kuma yana can nesa. Ɗan maɓalli ne a bayansa, da babban yatsa ake juya shi. Yaya ta ce in mayar, a gaban kowa ta faɗa, aka ɗauka wasa take. Ni kuwa ina jin daɗin an ba ni abin Nasara na riƙe, ina faɗin lokaci da ƙarfi don a ji na iya.

Talata, 18 ga Safar, ƙarfe uku

Mai unguwa ya aiko. Gobe da hantsi Yaya za ta je gidan Alhaji ta tsallake Maryama sau uku, da ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali, ta kuskure baki a ƙwarya a ba ta ta sha. Wai haka ake sakin kurwar wanda aka kama.

Liman ya ce wannan ba ya cikin littafi. Ya faɗa a hankali, ya ce yana da ɗaurin aure a Kance gobe.

Na ce wa Yaya kar ta je. Na ce yau zan tafi wurin mai unguwa in faɗi abin da na gani.

Ta ce, "Yau? Bayan kwana goma sha huɗu? Cewa za su yi ɗan'uwanta ne, tare suke ci."

Na ce to ki ƙi.

"In na ƙi, na riƙe ta. In ta mutu, ni na kashe. In na tsallaka, na amsa sunan." Ta yi 'yar dariya. "Ka gani, Auta, sun iya rabon aiki, sun fi Dawudanka."

Can ta ce, "Yarinyar nan ni na koya mata tuƙin tuwo da aka kawo ta. In hankalin mutanen gidan zai kwanta su kula da ita yadda ya kamata, bari in tsallaka. Alhaji yana gidan. Ba zai bari a kai ga haka ba, za ka gani. A bakin ƙofa zai tsai da ni."

Laraba, 19 ga Safar

Bai tsai da ita ba. Tun sassafe ya hau doki ya tafi duba gona.

Na tsaya a filin nan. Duwatsun murhun suna nan inda muka bar su, da toka. Ta wuce ta gabana kai ba ɗankwali, ban taɓa ganin furfurarta ba sai yau. Mata sun cika shigifa har kan katanga. Hajiya tana zaune ta juya fuska ga bango.

Bai kai tafasar ruwa ba aka gama.

Da ta fito na miƙa mata mayafi, ta karɓa ba ta dube ni ba.

Ban murɗa agogo ba yau.

Alhamis, 20 ga Safar, da azahar

Ba ta fito ba. Na ajiye fura a ƙofa.

Asabar, 22 ga Safar, da hantsi

Zazzaɓin Maryama ya sauka. Ta sha kunu, ta gane uwarta, ta nemi a wanke mata kai.

Kwana goma sha bakwai ina roƙon Allah ya tashi kafaɗarta, kowace salla. Ya tasa. Da na ji labarin sai na zauna a ƙasa. Astagfirullah. Allah ka sani ban so ta mutu ba. Amma da ta ji sauƙi ranar Talata, kwana ɗaya tak kafin abin.

Yanzu ko masu cewa a bi a hankali sun ce ga shi an gani.

Lahadi, 23 ga Safar, da la'asar

An jefa mushen kaza cikin gidan Yaya. Mai rumfar kasuwa ya ba wata wurinta. Na aika Kurni wurin ƙanwar babanmu ko za ta karɓe ta zuwa damina. Ta aiko a ce tana da jikoki ƙanana, a yi mata haƙuri.

Labarin ya riga mu zuwa. Matan da muka dafa wa wake a can su ma sun tuna da kallonta.

Litinin, 24 ga Safar, da hantsi

Alhaji ya gan ni a zaure ya ce, "Ka ga, Allah ya kawo sauƙi. Yanzu sai a bar maganar ta kwanta."

Na ce to.

Talata, 25 ga Safar, da walaha

Yaya ta tafi. Ta bi fataken da ke gangarawa Daura, ƙasar Ingilishi, inda ba wanda ya san ta. Tukunya biyu ta ɗauka da turmi ƙarami. Na ɗaukar mata har bayan gari inda hanya ta rabu. Madugun ya ce ta dinga tafiya a baya.

Na ce zan biyo ta bayan damina. Ta ce in zauna, wani ya dinga share kabarin Inna.

Na ce, "Yaya, ki yafe mini."

Ta gyara gammo ta ce, "Ni na ce ka yi shiru, ka yi. Ba ka yi laifi ba." Ta ɗora kaya. "Kai dai ka iya haƙuri, Auta. Ban san ka iya shi har haka ba."

Ba ta waiwayo ba. Na tsaya har na daina bambanta ta da jakuna.

Laraba, 26 ga Safar

Ba komai.

Alhamis, 27 ga Safar, da la'asar

Dawuda ya dawo da raƙuma shida. Nasara ya ji daɗi, an ba Alhaji cinikin har Kance. Ranar Asabar za a yi dahuwa gida uku a can, daga ƙarfe tara zuwa sha biyu. An samu sabuwar mai dahuwa mai suna Shekara, wata bazawara daga unguwar mahauta. Ta zo gaishe da Alhaji tana ta murna, ta ce mini, "Kai ne mai agogon? Ka dinga yi mini a hankali fa."

Dawuda ya ɗauki agogon ya kara a kunne ya ce na bar shi ya mutu. Ya murɗa, ya daidaita da na aljihunsa. Ya ce ya gyara rabon, gaisuwa yanzu minti biyar ce. Sa'an nan ya ciro 'yar jakar fata ya tura mini cikin riga.

"Kai za ka riƙe, kai ne kusa da murhu. Na sa an daka ta lukui, ba a ganinta. Kaɗan za mu sa wannan karon, rabin tafi."

Na ce, "Ka ji abin da ya faru bayan tafiyarka?"

Ya ce, "Na ji. Allah ya kyauta. Ashe matar da ma haka take." Sai ya tuna da wanda yake magana, ya ce, "Abin da ake faɗa ke nan dai."

Jakar tana nan gabana. Na buɗe na ɗanɗana a kan harshe, har yanzu bakina bai dawo ba.

Juma'a, 28 ga Safar, bayan la'asar

In an sauko daga masallaci dattawa kan zauna a zauren Alhaji a ci goro. Yau har da mai unguwa da liman da Dawuda, da Rabi'u a bakin ƙofa. Mutum kamar goma sha biyar. Wurina kullum daga waje ne, wajen takalma. Yau na shiga tsakiya na durƙusa, na ajiye agogo, na ajiye jakar, na kwance bakinta.

Alhaji ya ce, "Isufu, tashi ka kawo wa baƙi ruwa."

Shekara goma sha takwas ban taɓa bari ya faɗi abu sau biyu ba. Ya faɗa sau biyu.

Na ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, a ɗanɗana wannan."

Ya taɓa ya kai baki ya tofar, ya ce kanwar dabbobi ce. Na ce ita ce aka zuba tafi biyu a waken da Maryama ta ci akushi biyu, saura minti ashirin agogo ya yi kuka, don wake ya ƙi nuna. Na ce Dawuda ne ya zuba, Yaya ta ba da baya. Na ce wannan ta gobe ce, ta Kance. Ban ce ita ta yi abin da ya faru ba, don ban sani ba. Abin da na gani na faɗa.

Dawuda ya yi dariya ya ce baƙin cikin 'yar'uwa ne ya taɓa ni. Wani ya ce me ya hana ni faɗa tun tana nan.

Mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru.

Ya ce, "Ɗan nan, nono ɗaya kuka sha da ita. Bakinka kaɗai ba zai wanke ta ba, ko a nan ko gaban alƙali. Akwai wanda ya gani ban da kai?"

Na ce akwai.

Liman ya ce, "Faɗi, ka ji tsoron Allah."

Na ce, "Alhaji Muntaka ya gani. Yana tsaye a wannan ƙofar da carbi a hannu, ya ga an zuba, ya ɗaga kai ya dubi sama. Hajiya Batulu ta gani, tana bakin shigifa, ba ta bi mata gindin bedi ba."

Mai unguwa ya ce, "Su ke nan?"

Na ce, "Da Rabi'u, mijin Maryama. Shi aka aika ɗakin kayan raƙuma. Shi ya kawo ta a ƙoƙo, da gudu, don kar lokaci ya ƙure."